Layin tayil ya sake tsagewa karo na uku, me zan zuba ya zauna?

Maman Walid
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah masu sanin harkar gini ku taimaka min, abin nan ya ishe ni. Tayil ɗin kicin ɗina da ɗan koridon da ke gabansa, simintin da aka cike layukansa da shi sai tsagewa yake yi yana fita gari-gari. Shekara biyu ke nan da sa tayil ɗin. Wata biyar da gamawa layin farko ya buɗe, na kira wanda ya yi aikin ya zo ya shafa sabo a kai. Ko wata biyu bai rufa ba ya sake. Na nemo wani daban, ya ce ai na farkon ne ya cika ruwa a kwaɓin, ya kankare ya zuba nasa. To ga shi nasa ma ya bi sahu, kuma a wuraren da aka saba. Duk sharar da zan yi sai na kwashe ɓarɓashi. Tayil ɗin kansa ko ɗaya bai fashe ba. Akwai wani siminti mai ƙarfin da ba ya fashewa in saya kowa ya huta?

Abu Yasmin
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki nemi na ifoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu da gari a kwaɓa. In ya bushe kamar dutse yake, ruwa ba ya shigarsa, maiƙo ba ya kama shi. Shi na sa a banɗakina, shekara huɗu ke nan ko gezau. Kada ki sake yarda a zuba miki farin siminti zalla.

Tsohon Magini
Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye maganar saye tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Da kwaɓi ne ya lalace, da ko'ina a ɗakin zai yi gari, ki sa farce ya kankaru. Amma mutum biyu, kwaɓi biyu, tsaga kuma ta koma layin da ta baro? Wani abu ne ke motsi a ƙasa. Simintin layi ba shi ke riƙe tayil ba, cike gurbi kawai yake yi, kuma shi ne mafi rauni a duk daɓen, shi ya sa shi ke fara kuka.

Faɗa min, me ke ƙarƙashin tayil ɗin, kankare ne ko katako? Tsagar miƙewa take yi ta ratsa ɗakin, ko kewaye tayil ɗai-ɗai take yi? Sannan ki ɗauki mabuɗi ki bi tayil ɗin da ke kusa da tsagar kina ƙwanƙwasawa. Wanda ya zauna daram ƙararsa a toshe take, wanda ya saki kuwa za ki ji shi kamar ganga.

Maman Walid
Na gode Baba. A sama muke, kuma benen na katako ne, tsohon gida ne muka gyara. Da leda ce a ƙasan, muka cire aka sa tayil. Tsagar a miƙe take, layi uku, daga wannan bango zuwa wancan. Na ƙwanƙwasa, guda biyar ne ke ƙarar ganga, duk a bakin tsagar ta tsakiya. Kuma tunda ka tambaya na tuna, in yara suka shigo da gudu kofunan da ke cikin kabad har ƙara suke yi. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Tsohon Magini
Ai kin ba da amsar da bakinki. Shekara biyu an bar jaki ana dukan taiki.

Abu Yasmin
To ai shi ya sa na ce ifoksi. Tunda wurin na motsi, mai ƙarfi ake so.

Injiniya Karami
Malam Abu Yasmin, banɗakinka kankare ne ko? Shi ya sa. Ifoksi ya fi siminti ƙarfi da hana ruwa, ban musa ba, amma ba roba ba ne, ba ya lanƙwasa. In benen ya sauka ya tashi, dole motsin ya fita ta wani wuri. Yanzu ta layi yake fita saboda layin ne mai rauni. Ka ƙarfafa layin, sai ya koma neman gefen tayil ko gam ɗin da ke ƙasa. Ana kukan targaɗe a kawo karaya. Kuma ranar da za a cire shi a gyara, mai cirewa zai gane kurensa.

Hajiya, bari in ɗan yi bayani, a yi haƙuri da tsawo. Katako yana lanƙwasawa ya dawo, haka halittarsa take. Leda tana binsa, shi ya sa ba ki ga komai ba lokacin da take wurin. Tayil da siminti ba sa bi, ko su zauna ko su fashe. Saboda haka akwai iyakar da masu harkar suka sa. Ƙungiyar masu tayil ta Arewacin Amurka, TCNA, ta daɗe tana amfani da ma'aunin da ake rubutawa L/360. Ma'anarsa, ka auna tsawon katakon da ke ɗauke da benen daga inda ya zauna zuwa inda ya zauna, ka raba gida 360. Abin da ya fito shi ne iyakar saukar da aka yarda tsakiyarsa ya yi in kaya sun hau. Katako mai tsawon mita 3.6, iyakarsa milimita 10 ke nan. In dutse ne irin mabul ake shimfiɗawa, sai a raba gida 720, wato rabin wancan, domin dutse ya fi tayil saurin karyewa.

Kuma motsin iri biyu ne. Akwai na manyan katakan kwance, akwai kuma na falankin da aka shimfiɗa a kansu, wanda ke lotsawa a tsakanin katako da katako in an taka. Za a iya samun na farko lafiya lau, na biyun ne ke ɓarna. Don Allah ki ƙirga min, tayil nawa ne tsakanin tsaga da tsaga, kuma nawa ne faɗin tayil ɗaya?

Maman Walid
Na sa Walid ya auna da tef. Tayil ɗin santimita 40 ne kowane gefe. Tsakanin tsagar farko da ta biyu tayil uku, tsakanin ta biyu da ta uku ma uku.

Kafinta Mai Zarto
Allahu akbar! Injiniya ka ga abin da na gani? Uku sau arba'in, ɗari da ashirin, ka ƙara kaurin layukan. Faɗin filawud santimita 122 ne, tsawonsa 244. Hajiya, tsagar nan taki zanen bakin filawud ne da ke ƙasa. Duk inda falanki biyu suka haɗu, nan take buɗewa. Na rantse ba na kaffara, layin tayil ɗinki ya hau daidai kan mahaɗar, kuma babu katakon da ya tallafi bakin daga ƙasa. Kina taka wannan ya sauka, wancan yana tsaye, su goga juna kamar almakashi. Wane siminti ne zai jure wannan?

Ɗan Tayil
Ni dai kullum a zauren nan in abu ya lalace sai a ce mai tayil. An kira mutum, an nuna masa wuri, an ce sa tayil, ya sa. Shi ya gina benen?

Tsohon Magini
Ɗana, ba wanda ya ce shi ya gina. Amma shi ya taka benen kafin ya kwaɓa gam. Ni in na shiga wurin aiki, tsakiyar ɗaki nake zuwa in ɗaga dunduniya in sake ta da ƙarfi, na ajiye kofin ruwa a gefe. In ruwan ya yi rawa, ba na buɗe buhu sai mun yi magana da mai gida. In ya ce shi dai a sa, in ce ya nemi wani. Na sha rasa aiki a kan haka, ban taɓa da-na-sani ba. Wanda ya fi ba ni haushi ma na biyun ne, da ya ga tsaga a miƙe sambal layi uku ya ce wai ruwa ne ya yi yawa.

Ɗan Tayil
Wannan kam gaskiya ne Baba, na biyun bai kyauta ba. Amma masu gida ma ku ji tsoron Allah. Ka ce wa mutum sai an ƙara falanki, sai ya ɗauka cin kuɗinsa za ka yi.

Tunda an zo nan bari in faɗi nawa. Guda biyar ɗin da ke ƙarar ganga, in an ɗaga a duba bayansu. In aka ga gam ɗin dunƙule-dunƙule ne, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, to aikin ma da nasa laifin. Ƙa'ida ita ce a ja gam da cokali mai haƙora, gam ya kama aƙalla kashi 80 cikin ɗari na bayan tayil a busasshen ɗaki, wurin ruwa kuwa 95. Ni duk bayan 'yan layuka nakan ɗaga guda in duba. Kuma a kan katako ba kowane gam ake sawa ba. A duba jikin buhu, in na ma'aunin Turai ne za a ga C2, wato ingantaccen gam na siminti, sannan S1 ko S2. S ɗin nan shi ke nuna yana ɗan ba da kai. S1 yana lanƙwasa milimita biyu da rabi zuwa biyar a gwajinsu kafin ya karye, S2 ya wuce biyar.

Ummu Sudais
Ni fa ba ruwana da dogon turanci. Irin haka ta faru a ɗakin wankina, na kankare layin na matsa silikon mai kalar simintin, shike nan. Tunda roba ne, ya yi ta motsinsa. Maman Walid ki yi haka ki huta, wa ke da ƙarfin fasa bene a wannan lokaci.

Injiniya Karami
Hajiya Ummu Sudais, maganarki ba ta faɗi ƙasa ba, kuma ta fi ta ifoksi kusa da gaskiya. In tsaga ɗaya ce, tayil na zaune daram, motsin kuma na gefe da gefe ne irin na zafi da sanyi, to mayar da layin na silikon shi ne ma gyaran da ya dace. Abin da ya kamata a yi tun farko ke nan. Amma na Maman Walid sama da ƙasa yake yi, kuma har biyar sun saki. Silikon zai ɓoye tsagar, tayil ɗin kuma zai ci gaba da rawa yana niƙa gam ɗin da ke ƙarƙashinsa. Biyar su zama goma. Wata rana a ja firji ta kai, a ji ƙas. Ga shi kicin ne, ana goge-goge da ruwa, duk inda ya samu kafa zai gangara kan katako.

In don a samu a numfasa ne kafin a shirya, ban hana ba. A dai san cewa jinkiri aka saya.

Ummu Sudais
To ai jinkirin ma wani abu ne Injiniya. Nawa shekara uku ke nan.

Baban Khalifa
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don ta yi kama. Ni nawa kankare ne, ƙasa, babu katako ko ɗaya. Falo ne babba mai ƙofar gilashi, rana na shigowa da yamma. Da farko layukan tsakiya ne suka fara fashewa, muka share. Wani dare muna kwance muka ji ƙara kamar an harba bindiga, muka fito muka tarar tayil layi biyu sun tashi sun jingina da juna kamar rufin bukka. To ni kuma me ke motsi, alhali kankare ne?

Tsohon Magini
Alhaji, je ka duba inda tayil ya haɗu da bango, ƙarƙashin sikatin, wato siririn tayil ko katakon da ake bin gindin bango da shi. Na san abin da za ka gani: an tura shi ya manne da bango, ko an bar 'yar kafa an toshe ta da siminti. Kankare ma yana motsi, a hankali yake yi shi ya sa ba a lura. Sabon kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, kuma ba a kwana 28 ɗin nan da aka sani yake gamawa ba, wannan na ƙarfi ne, tsukewar takan ci gaba watanni. Tayil kuma in rana ta buge shi buɗewa yake yi. Na ƙasa na ja ciki, na sama na turawa waje, bango ya tare ta kowane gefe. Ina zai je? Sai sama.

Injiniya Karami
Ƙari a kan maganar Baba. Tayil na yumɓu mai tsawon mita 5, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, buɗewar da zai yi ba ta wuce kusan milimita ɗaya ba. Mutum zai raina ta. Amma milimita ɗaya da ba ta da wurin zuwa ƙarfinta ya isa ya yage gam. Shi ya sa ake barin tazarar kamar milimita 6 a duk gefen bango, da jikin ginshiƙi, da bakin ƙofa, a bar ta fanko sikatin ya rufe, ko a cike da silikon. In fili ne babba, ana yanka shi da layin roba a tsakiya ma. Ƙa'idar TCNA mai lamba EJ171 ta ce a cikin ɗaki duk ƙafa 20 zuwa 25, wato mita 6 zuwa 7 da rabi. Inda rana ke bugawa ko ruwa ke zama kuwa, duk ƙafa 8 zuwa 12, mita biyu da rabi zuwa uku da rabi ke nan. Falonka mai ƙofar gilashi a kashi na biyun yake.

Akwai wani nau'in kuma da ya fi wannan muni: kankaren kansa ya tsage, gefe ɗaya ya sauka. Cikon da ba a daddale ba, ko bututu na yoyo yana wanke ƙasa, ko ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani. Ana gane shi in an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan tsagar, sai a ga ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu, kuma yakan fasa tayil ɗin kansa ya wuce, ba ya bin layi. Wannan a yi wa ƙarshen tsagar alama da fensir a rubuta kwanan wata, a ga ko tana tafiya. In tana tafiya, ba aikin mai tayil ba ne kuma.

Baban Khalifa
Na duba, a manne yake da bango kamar an liƙa. Na gode.

Mai Kula da Zaure
Baban Khalifa in akwai saura ka buɗe taka daban don kada ta Maman Walid ta ɓace a ciki. A ci gaba.

Maman Walid
Ba komai, ni ma na ƙaru, don nawa ma a manne yake da bango. To yanzu jama'a ku gaya min gaskiya, sai an fasa duka? Gabana faɗuwa yake yi. Wani ya turo min ta gefe cewa akwai wata tabarmar roba da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tayil mai hana tsagewa.

Ɗan Tayil
Akwai ta, na yi aiki da ita. Wadda aka fi sani ita ce Ditra ta kamfanin Schluter na Jamus, tun 1987 take kasuwa, yanzu wasu kamfanoni ma na yin irinta. Kaurinta kamar milimita 3, jikinta gurbi-gurbi. Aikinta ta raba tayil da abin da ke ƙasa, ta yadda in na ƙasa ya buɗe ko ya tsuke ta gefe, ba zai ja tayil ba. Amma sai an cire tayil kafin a sa ta, kuma ba ta ƙara wa bene ƙarfi. Benen da ke rawa, da ita da babu ita rawa zai yi. Haka allon siminti da wasu ke ɗaurawa a kan katako, gam na kama shi da kyau, amma shi ma ba ya hana lotsawa. Filawud ne ke ƙara ƙarfi.

Kafinta Mai Zarto
Hajiya kwantar da hankalinki, kafin a yi maganar fasawa, me ke ƙarƙashin kicin ɗin? In ana iya cire silin a ga katakan daga ƙasa, da yawan aikin ta can za a yi shi, ba a taɓa tayil ba.

Maman Walid
Sito ne a ƙasa, silin ɗinsa na kwali ne. Maigidan ya ɓalle guda biyu ya leƙa da tocila. Ya ce katakan faɗinsu santimita 5, tsayinsu 15, tsakaninsu 60, daga bango zuwa bango mita 4 da ɗan ɗori. Falankin sama kuma guda ɗaya ne, siriri, kuma yana hango mahaɗar a sarari babu komai a ƙarƙashinta, kamar yadda Malam Kafinta ya faɗa. Ya ce in na taka daga sama yana ganin bakin na motsi da idonsa.

Kafinta Mai Zarto
Gani ya kori ji. Katakan nan sun yi ƙanƙanta da wannan tsawo, kuma sun yi nisa da juna. Inda za a sa tayil an fi son tsakani 40.

Ga yadda zan yi da ni ne. Da farko a cire silin ɗin duka, a bi katakan ɗaya bayan ɗaya da sukurudireba ana sokawa, musamman kan da ya shiga bango da ƙarƙashin wurin wanke-wanke. In ƙarfe ya shige kamar cikin soso, ruɓa ce ko gara, to wannan magana ta canza, sai an sauya katakon. In lafiya suke, sai a yanka gajerun katakai a gicciya su tsakanin manyan, daidai ƙarƙashin kowace mahaɗar filawud, a shafa musu gam na gini a sama, a tura su su manne da falankin sosai, a ɗaure da sukuru ta jikin manyan. Sukuru na ce, kada a sa guduma, bugun ƙusa daga ƙasa zai ƙarasa sakin tayil ɗin da ya rage. Wannan zai kashe almakashin nan da na faɗa.

Rawar ɗakin gaba ɗaya kuma hanya biyu ce. Ko a yi wa kowane katako ɗan'uwa, a jingina sabo a jikinsa tsawonsa duka a ɗaure su da gam da noti. Ko a gicciya babban katako ko ƙarfe guda a tsakiyar siton ya tallafe su duka. Tunda sito ne ba falo ba, ni ta biyun zan bi.

Injiniya Karami
Ni ma ta biyun, kuma ga dalili da lissafi. Ka ninka katako biyu, saukarsa rabi kawai za ta ragu. Ka sauya mai tsayin 15 da mai 20, ƙarfinsa ya ninka sau biyu da ɗan ɗori, domin ƙarfin na tafiya da tsayi sau tsayi sau tsayi. Amma ka raba tsawon gida biyu da tallafi a tsakiya, saukar takan koma kusan kashi ɗaya cikin 16. Ba abin da ya kai rage tsawo tasiri.

Sai dai gargaɗi biyu. Nauyin da za a ɗora wa sabon tallafin dole ya sauka a kan abin da zai iya ɗauka, bango mai ɗaukar kaya ko ginshiƙi mai tushe, ba a kan daɓen sito kawai ba. Girmansa kuma ba daga waya za mu yanke ba, a samu wanda ya san aikin ya zo ya gani da idonsa. Na biyu, kada a sa jak a ce za a ɗaga benen ya miƙe. An sa tayil ɗin ne a kan benen yadda yake da ɗan lotsawarsa. Ka miƙar da shi da ƙarfi, tayil ɗin da bai fashe a shekara biyu ba zai fashe a minti biyu. A tallafe shi a inda yake, ya taɓa ya matse, shike nan.

Abu Yasmin
To na sallama. Amma bayan an gama duk wannan, ai sai a sa ifoksin ko?

Tsohon Magini
Kai da ifoksin nan kamar kana da hannun jari a ciki. In wuri ya daina motsi, sa abin da ka ga dama.

'Yata, in an gama na ƙasa, kada a yi gaggawar na sama. A yi sati biyu ana takawa a ga kofuna sun yi shiru. Sannan a ɗaga biyar ɗin nan. A fara cire simintin layin da ke kewaye da kowanne tas, in ba haka ba ana ɗaga ɗaya zai ɓantare bakin maƙwabcinsa. A kankare tsohon gam daga falankin da bayan tayil, a sake zaunar da su da irin gam ɗin da Ɗan Tayil ya faɗa. Tunda falankin zai bayyana a nan, a ƙara masa sukuru ya kama sababbin katakan da ke ƙasa. A ba gam aƙalla awa 24.

Layin kuma ba a shafa sabo a kan tsoho, kuskuren mutumin farko ke nan, ɓawo kawai ya yi miki. A haƙe aƙalla kashi biyu cikin uku na kaurin tayil. Akwai 'yar zarto ta hannu ta wannan aiki, akwai kuma injin nan mai karkarwa da ake sa wa baki mai kaifi. Garanda na da sauri amma hannu na gocewa ta ci bakin tayil. Mai yi ya rufe hanci da abin kirki, ya ɗan jiƙa wurin, ƙurar siminti na da silika mai lalata huhu, mu da muka shaƙa da ƙuruciya mun san yadda ƙirjinmu yake yanzu. A zuƙe garin tas. A kwaɓa da ruwan da aka rubuta a jikin buhu, ba da ido ba, a bar shi minti biyar zuwa goma a sake juyawa. In ya fara ƙarfi a bokiti a zubar, kada a ƙara masa ruwa. Layin da ya kai faɗin milimita 3 mai yashi ake sa masa, marar yashi tsukewa yake yi ya tsage da kansa. Soso kuma a matse shi sosai kafin a goga.

Ɗan Tayil
A nemi simintin layi mai CG2 a jiki, shi ne ingantaccen, ba ya saurin shan ruwa ko goguwa. Gefen bango kuma a yanke abin da ya manne a bar tazara. In za a sa silikon a layi mai zurfi, a fara cusa igiyar soso a ciki, don silikon ya kama gefe biyu kawai. In ya kama har ƙasa ba ya samun miƙewa, yagewa yake yi.

Maman Walid
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan wata biyu. An zo an duba, katakan lafiyarsu ƙalau sai guda ɗaya a ƙarƙashin wurin wanke-wanke da kansa ya fara laushi, ashe bututun na ɗiga a hankali ba mu sani ba. An gyara bututun, an yi wa katakon ɗan'uwa, an gicciya ƙarfe a tsakiyar siton daga bango zuwa bango, an sa gajerun nan a ƙarƙashin mahaɗa. Yara sun yi tsalle har sun gaji, kofi ko ɗaya bai motsa ba. Da aka ɗaga biyar ɗin, Malam Ɗan Tayil, dunƙule biyar-biyar muka gani a bayansu kamar yadda ka faɗa, ɗaya kuma ya karye wajen ɗagawa, Allah ya sa akwai ragowa a sito. Layuka ukun nan yau sati biyar ba su ce komai ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Saura abu ɗaya. A bakin ƙofa, inda kicin ya haɗu da saman matakala, wata siririyar tsaga kamar gashi ta fito. Matakalar ta kankare ce. Wani abin ne kuma ya taso?

Tsohon Magini
Madalla, Allah ya sa albarka. Wannan ba komai ba ne, katako ne ya haɗu da kankare, kowa da irin tafiyarsa, har abada ba za su jitu ba. A haƙe layin nan guda har ƙasa, a cusa igiyar soso, a matsa silikon.

Ummu Sudais
Kun gani ko? An zagaya an zagaya an dawo kan silikon ɗina.

Maman Walid
Hajiya ai naki ya samu layi ɗaya. Malam Ɗan Tayil, simintin da aka sa ruwan toka ne mai haske, silikon ɗin wane kala zan nema?

Ɗan Tayil
Duba lambar kalar da ke jikin buhun, yawancin kamfanonin suna yin silikon mai lamba ɗaya da shi. In ba a samu ba ki ɗauki wanda ya ɗan fi shi duhu, bakin ƙofa ne, ƙafa za ta dafar da shi ko yaya. Ki liƙa tef gefe da gefe kafin a matsa, a cire shi tun silikon ɗin na ɗanye, kuma kada a taka sai washegari.